Iskar Asibiti: Wa Ya Fi Shiga Haɗarin Kamuwa da Cutar Numfashi?

Duk shekara idan aka kammala ND I, da yawa daga cikinmu a nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda mukan watse zuwa SIWES. 'Yan sashen SLT galibi asibiti suke faɗawa: wasu a nan Kaura, wasu Zurmi ko Shinkafi, wasu kuma su nufi Gusau. Waɗanda ba su da alaƙa da wannan sashe ma, da wuya ka samu wanda ba shi da yaya ko inna ko kawu da ke aiki a asibiti, ko da kuwa shara ce ko gadi. Shi ya sa na ga ya dace mu tattauna wata tambaya da ba a cika yi mana bayaninta kafin mu tafi ba: a cikin ma'aikatan asibiti, wa ya fi saurin kamuwa da cututtukan numfashi, kuma me ke jawo hakan?

Amsar da yawancinmu za mu bayar ita ce likita, tunda shi ne ke duba mara lafiya. To, ba nan gizo ke saƙar ba. Cutar numfashi ba ta duba farar riga ko muƙami. Abin da ta sani shi ne iskar da kake shaƙa, tsawon lokacin da ka ɗauka kana shaƙarta, abin da ke rufe da hancinka, da kuma ƙarfin garkuwar jikinka. Duk wanda ya gane waɗannan abubuwa huɗu ya gane rabin maganar.

Yadda cutar ke tafiya

Cututtukan da nake nufi su ne waɗanda ƙwayar bairos ke kawowa ta hanci da maƙogwaro da huhu: mura, mura mai tsanani da ake kira infuluwenza, korona, da kuma kyanda, wato baƙon dauro. Mutane da yawa na ɗaukar kyanda a matsayin ciwon fata saboda ƙurajen da take fesowa, alhali ta numfashi take shiga, ta numfashi kuma take fita.

Idan mai ɗauke da cutar ya yi tari ko atishawa, ko ma magana kawai, yana fesa ɗigon ruwa daga baki da hanci. Manyan ɗigon suna faɗuwa nan kusa, kamar taku ɗaya ko biyu, a kan gado ko tebur ko fuskar wanda ke gabansa. Ƙananan kuwa, waɗanda ido ba ya gani, suna rataye cikin iska kamar hayaƙin turaren wuta a ɗakin da aka kulle. Ƙwayar kyanda na iya zama cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan mai cutar ya fita, kuma cikin mutum goma da ba su da rigakafi da suka kusanci mai ita, kusan tara za su kamu.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne mutum na iya yaɗa cutar kafin shi kansa ya san yana da ita. Mai infuluwenza kan fara yaɗawa kwana ɗaya kafin alamu su bayyana, mai korona kamar kwana biyu, mai kyanda kuma kwana huɗu kafin ƙuraje su fito. Ke nan wanda ya zo asibiti da ciwon ƙafa ko awon ciki zai iya zama shi ne mai rabon cutar, ba wanda ke tari a lungu ba.

Ya kamata kuma mu rarrabe bairos da bakteriya. Tarin fuka da mashaƙo da sanƙarau irin wanda ya ɓarke a Ƙaramar Hukumar Zurmi a ƙarshen shekarar 2016, ya bazu zuwa wasu jihohi a 2017, duk bakteriya ne ke kawo su. Hanyar yaɗuwarsu dai ta numfashi ce, don haka kariyar da za mu ambata tana amfani a kansu. Bambancin shi ne, ƙwayoyin maganin kashe bakteriya da muke saye a kemis da zarar mura ta kama mu ba sa yi wa bairos komai.

Abin da tarihi ya nuna

Ba yau ma'aikatan asibiti suka fara biyan wannan farashi ba. Lokacin annobar SARS ta 2002 zuwa 2003, wadda ta faro daga ƙasar Sin, mutum sama da 8,000 ne suka kamu a duniya, kuma kusan ɗaya cikin biyar ma'aikatan lafiya ne. Likitan Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara ankarar da duniya game da cutar daga birnin Hanoi, Dakta Carlo Urbani, ita ce ta yi ajalinsa a watan Maris na 2003. A 2015 kuma, cutar MERS, wadda aka fara ganowa a Saudiyya a 2012 kuma take da alaƙa da raƙuma, ta shiga Koriya ta Kudu ta hanyar matafiyi guda. Mutum 186 suka kamu, kuma kusan dukkansu a cikin asibitoci suka ɗauka.

Da korona ta zo, abin ya iso ƙofarmu. An tabbatar da shigarta Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas. A jihar Katsina, maƙwabciyarmu ta gabas, mutumin farko da aka tabbatar cutar ta kashe a farkon Afrilu likita ne a Daura. Zuwa farkon watan Yuni na wannan shekarar, hukumar NCDC ta sanar da cewa ma'aikatan lafiya 812 sun kamu a faɗin ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairu 2020 da Mayu 2021, ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000 korona ta kashe a duniya.

Amma ga inda abin ya fi ba ni mamaki. A 2020 an gwada jinin ma'aikatan wasu asibitoci a birnin Birmingham na Ingila don gano waɗanda suka taɓa kamuwa da korona. Masu shara da goge-goge su ne a sama, da kusan kashi 34 cikin ɗari. Masu aiki a sashen kula da waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa, inda masu cutar mafi tsanani suke kwance, kusan kashi 15 ne kacal. Me ya sa? Babban dalilin da aka kawo shi ne, su an ba su kayan kariya mafi inganci, an horar da su, kuma sun san cewa suna gaban haɗari. Mai shara kuwa yana zagaya ɗaki bayan ɗaki, ba wanda ya tuna da shi. Wannan darasi ne gare mu, domin ɗalibin SIWES ya fi kama da mai shara a wannan fuska fiye da yadda ya yi kama da likita.

Kusanci da daɗewa

Abu na farko da ke ƙara haɗari shi ne yawan kusantar mara lafiya da tsawon lokacin da ake ɗauka a kansa. Likita kan zo zagaye ya yi mintuna kaɗan a bakin gado ya wuce. Nas ita ce ke yini da kwana a ɗakin: ta auna zafin jiki, ta sa ruwa, ta juya mara lafiya, fuskarta dab da tasa. Haka mai yanka kati, wanda kowa sai ya tsaya gabansa ya yi magana kafin a san abin da ke damunsa. Haka mai gadi da ke tarbar wanda aka kawo ranga-ranga a kan babur. Haka mai ɗibar jini a ɗakin gwaji, wanda ke sunkuyawa kan hannun mutum talatin ko arba'in kafin azahar.

Irin aikin da ake yi

Akwai ayyukan da ke tayar da ƙananan ɗigon nan da yawa a lokaci guda. Zura bututu a maƙogwaro don taimaka wa numfashi, zuƙe majina da na'ura, danna ƙirji don farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, da sa mutum ya yi kaki don a gwada. Wannan na ƙarshen ya shafe mu kai tsaye. Idan aka miƙa wa mutum 'yar roba aka ce ya kawo kaki, bai kamata ya tsaya cikin ɗakin gwaji ko bayan gida yana tari ba. A waje ake yi, a fili, nesa da mutane. Buɗe robar da jujjuya samfur a na'ura ma suna da ƙa'ida, kuma ɗalibi na da haƙƙin a nuna masa ita kafin a ce ya yi.

Ɗaki da taga

Wannan shi ne abin da aka fi rainawa, alhali ya fi komai arha. Ɗakin da iska ba ta shiga ta fita, ƙwayar cuta taruwa take yi a cikinsa. A birnin Lima na ƙasar Peru, masu bincike sun auna iskar ɗakunan asibitoci suka wallafa sakamakon a 2007. Sun gano cewa buɗe tagogi da ƙofofi kawai na sauya iskar ɗaki kusan sau 28 a awa guda. Tsofaffin gine-gine masu dogon rufi da manyan tagogi sun kai sau 40, sababbin kuwa sau 17. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2009, ta ce ɗakin kwanciya na gama-gari ya samu aƙalla lita 60 na sabuwar iska a kowane sakan ga kowane mara lafiya.

Yanzu mu dawo gida. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kankama, abu na farko da mai jinya ke yi shi ne rufe taga, har a toshe da zani don kada sanyi ya kama yaro. Niyyar mai kyau ce, amma a daidai lokacin ne mura ke yawa, ƙura kuma ta busar da hanci da maƙogwaro. Da bazara kuma, ofishin da ya samu esi sai a kulle shi ruf, mutum biyar ko shida su taru suna shan sanyi. Esi irin na bango ba ya kawo sabuwar iska, ta cikin ɗakin yake sanyayawa ya dawo da ita. Fanka ma idan taga na rufe, juya iskar kawai take yi daga wannan gado zuwa wancan.

'Yan'uwana masu karanta zanen gini da injiniyanci, wannan magana taku ce. Gobe ku za a ba zanen ɗakin shan magani a ƙauye. Tagogi biyu masu fuskantar juna da rufi mai tsayi na iya kare nas ɗin da ba za ku taɓa haɗuwa da ita ba.

Cunkoso

Kowa a cikinmu ya san halin da yankinmu ke ciki. Rashin tsaro ya raba mutane da ƙauyukansu, ƙananan asibitoci da yawa ba sa aiki, allurar rigakafi ba ta isa wurare da dama. Sai nauyin ya koma kan manyan asibitocin gari. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana aiki tare da Ma'aikatar Lafiya a Babban Asibitin Zurmi da na Shinkafi, kuma a tantancewar da suka yi a watan Yuni 2024, sun gano cewa kusan yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar a waɗannan yankuna biyu na fama da tamowa. Yaron da tamowa ta kama garkuwar jikinsa ta yi rauni. Idan kyanda ko ciwon huhu suka same shi, sukan yi masa tsanani, ya daɗe a kwance. Yawan irin waɗannan yara a ɗaki guda na nufin yawan ƙwayar cuta a iskar da ma'aikaci ke shaƙa.

Sai kuma al'adarmu ta jinya da dubiya. Mara lafiya ɗaya, masu jinya biyu, ga goyo a baya, da la'asar kuma 'yan dubiya su cika ɗaki da kwanukan abinci. Dubiya zumunci ce kuma lada ce, ba mai cewa a daina. Amma duk mutum guda da ya ƙaru a ɗaki ya ƙara numfashi a cikinsa. Idan nas ta ce a shiga bibbiyu, ko ta hana a shiga da jariri, ba wulaƙanci ba ne.

Kayan kariya

Takunkumin fuska iri-iri ne. Na likitoci, shuɗin nan da muka saba gani, yana tare manyan ɗigo, amma iska na kutsawa ta gefensa. Wanda ake kira N95 yana tace aƙalla kashi 95 cikin ɗari na ƙananan ɗigon, da sharaɗin ya manne da fata ba tare da kafa ba. Ga 'yan'uwa maza masu gemu, gaskiyar magana ita ce gashi na hana shi mannewa sosai, don haka mai gemu ya san cewa kariyarsa ta ragu, ya ƙara kula da nisa da buɗe taga, ya kuma sanar da shugaban sashensa. Ga 'yan'uwa mata, niƙabi da gefen hijabi ba sa maye gurbin takunkumi. A sa takunkumin daga ciki.

Samun kayan ma ba shi ne ƙarshe ba. Takunkumin da aka saukar haɓa, ko aka cusa a aljihu aka sake ɗaukowa gobe, ya zama ado. Wajen cirewa kuma ake yawan kuskure: a kama igiyar daga baya, kada a taɓa gaban, sannan a wanke hannu. Wankin hannu da sabulu da ruwa na ɗaukar sakan 40 zuwa 60, da man goge hannu kuma sakan 20 zuwa 30. Safar hannu ba ta ɗauke wa mutum wankin hannu. Na sha ganin wanda ke sanye da safa ya ɗaga waya ya kara a kunne, ya sosa hanci, ya koma kan aiki.

Ɗakin hutu

Ga wani wurin da ba a zato. Ma'aikaci zai yini yana taka-tsantsan a gaban marasa lafiya, amma da ya shiga ɗakin hutu sai ya cire takunkumi, a haɗu a kwano ɗaya, ana hira ana dariya a ɗan ƙaramin ɗaki mai taga guda. A zuciyarsa, haɗari na wajen mara lafiya ne, abokin aiki kuwa ɗan gida ne. Bairos bai san wannan bambanci ba. A lokacin korona an ga ma'aikata da yawa da suka ɗauki cutar daga junansu ko daga gida, ba daga kan gadon mara lafiya ba.

Abin da ke ƙara rura wannan shi ne zuwa aiki da ciwo. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci, mai mura kan ce wa kansa, in ban je ba wa zai riƙe ɗakin? Ɗalibi kuma na tsoron kada a ƙi sa masa hannu a littafinsa. Mu a nan muna ɗaukar hakan juriya ce. Amma mai zazzaɓi da tari da ya shiga ɗakin yara masu tamowa, cuta ya kai musu, ya kuma kai wa abokan aikinsa.

Jikin ma'aikacin kansa

Mutum biyu za su shaƙi iska ɗaya, ɗaya ya yi mura ta kwana uku, ɗayan ya kwanta. Masu yawan shekaru, masu ciwon suga, hawan jini, asma, ciwon sikila, masu juna biyu da masu shan taba, cutar ta fi yi musu illa. Gajiya ma na cikin lissafi. Wanda ya kwana a kan aiki ya zarce da na safe, hankalinsa ba zai kai kan igiyar takunkumi ba.

Sai rigakafi. A Nijeriya ana yi wa yaro allurar kyanda yana da wata 9, a ƙara masa ta biyu yana da wata 15. Da yawa daga cikinmu ba mu da tabbacin an yi mana, kuma babba da bai taɓa yin kyanda ba, ba a kuma yi masa allura ba, zai iya kamuwa, ta kuma ba shi wuya ƙwarai. Ba banza ba ne da allurar korona ta iso ƙasar nan ranar 2 ga Maris 2021, aka fara da ma'aikatan lafiya, kuma wanda aka fara yi wa likita ne a Asibitin Ƙasa da ke Abuja.

To, mu me ya rage mana?

Wasu daga cikin waɗannan matsaloli sun fi ƙarfin ɗalibi. Ɗaukar isassun ma'aikata, samar da ruwa da kayan kariya, da dawo da tsaro don ƙananan asibitoci su buɗe, duk aikin hukuma ne, kuma muna da bakin tunatar da ita. Amma akwai abin da ke hannunmu.

Kafin ka tafi SIWES, ka tambayi iyayenka ko an yi maka allurar kyanda ko ka taɓa yin ta. In ba tabbas, ka faɗa wa ma'aikatan asibitin tun ranar farko. Ke mai juna biyu, ko kai mai sikila ko asma, kada kunya ta hana ku sanar da wanda ke kula da ku, don a san inda za a ajiye ku. Ka tanadi takunkuminka ko da ba a raba ba. Duk ɗakin da ka shiga, ka fara duba taga. Ka ci abincinka a inuwar bishiya maimakon cunkushewa a ɗakin hutu. Idan zazzaɓi da tari suka kama ka, ka kira ka nemi uzuri; kwana uku ba za su hana ka kammalawa ba. Ka cire farar rigarka a asibiti, kada ka shigo da ita hostel ko ka rungumi ƙannenka da ita. Kuma idan ka ga baba mai shara yana aiki fuska a buɗe, ka miƙa masa takunkumi ɗaya daga cikin naka.

Akwai wanda zai ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, rai da lafiya na hannun Allah. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana ɗaukar mataki, kuma rigakafi ya fi magani. Ina kuma kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da ta nemi a riƙa shirya ɗan zama na awa ɗaya ko biyu kan kariya daga cututtuka kafin kowane rukuni ya fita SIWES, a gayyato nas ko jami'in lafiya ya nuna mana a aikace. Ba zai ci kuɗi mai yawa ba.

Allah Ya kare ma'aikatan lafiyarmu na Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda da sauran wurare, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya dawo mana da zaman lafiya a jiharmu. Amin.